Sallahu a Jakar Hajiya Fasuma

In ka sauka Guangzhou daga Kano ko Maraɗi, ka kwana uku kana tura shinkafar da ba mai ba yaji, a rana ta huɗu wani zai tausaya maka ya kwatanta maka gidan Barira. Hawa na sha tara take, a wani dogon bene da ke bayan titin Guangyuan, ƙofa ta biyu a hannun hagu. Ba a rubuta komai a jikin ƙofar ba, kuma ba ka bukatar rubutu. Tun daga cikin lif hancinka zai gaya maka ka iso, domin Barira ba ta yarda da miyar kukar da ba ta damun maƙwabta ba.

Gajeriyar mace ce mai jiki, ta haura arba'in da biyar, ga saurin hawa ga saurin sauka. Shekara goma sha uku ke nan tana Caina, amma in aka tattara yaren da ta koya ba zai cika cokali ba: nihaw in za ta gaisa, shyeshye in za ta gode, sai meyo, wato babu, wanda ta fi ƙwarewa a kai saboda shi aka fi gaya mata. Da waɗannan ukun da yatsunta goma take sayen naman akuya wajen mahautan musulmi, kuma har yau ba a samu wanda ya yi mata wayo ba. Mijinta Alhasan yana da ɗan ofishin tura kaya a ƙasan wata kasuwar tufafi. Shi kuwa in ya yi magana biyar a yini, to ranar ya yi surutu. 'Yarsu ɗaya, Amira, tana Kano wajen kakarta tana karatu.

Da azahar falonta yake cika. Maza a kan kafet, mata a uwar ɗaka, kowa ya jibge ledojin samfur a bakin ƙofa ya wanke hannu. Nan ake jin wanda kayansa suka iso da wanda aka canza masa kala, wanda ya yi aure da wanda aka ƙi. Barira tana zuba miya tana sa baki, ta tsokani wannan ta yi wa wancan faɗa, amma masu lura sun san ba a taɓa jin maganar wani ta fito daga bakinta ba.

Girkin nan kuwa a kan sallahu yake tsaye. Ba a sayar da kuka a Guangzhou, balle daddawa, saboda haka duk mai tahowa daga gida sai an liƙa masa ƙulli: wannan na wance ne, wannan ka miƙa wa wane. Mutum zai taso da jaka rabi kayansa, rabi na mutanen da bai taɓa gani ba. Abin yana da ƙa'idar da ba wanda ya zauna ya koya wa wani. Ba a ƙin sallahu, sai mara mutunci. Ba a kuma kwance shi a leƙa, domin wanda ya kwance ya nuna yana zargin mai shi ke nan. Haka ake yi tun ana fatauci a ƙasa, zuwan jirgi bai canza komai ba.

Abin da masu cin tuwonta ba su sani ba shi ne, Barira ta taɓa yin shekara shida tana shan maganin tari ba don tana tari ba. A Kano ta faro, bayan ɓarinta na biyu, ranar da wata ƙawa ta miƙa mata kwalba ta ce zai sa ta barci. Ya kuwa sa ta. Da Alhasan ya ɗauko ta ya kawo ta nan, ya ajiye ta a sama yana fita tun safe, ba maƙwabciyar da za ta leƙo, ba mai sallama, taga ma an yi mata ƙarfe, sai abin ya samu fili. Hanyar samu ba ta gagare ta ba, mai wannan lalura ba ya rasa hanya. Ranar da Alhasan ya ci karo da kwalabe a bayan buhun shinkafa, ya tsaya ya dube su, ya mayar da buhun yadda yake, ya tafi masallaci. Har gobe bai ce mata uffan a kai ba, kuma ita ba ta san ko alheri ya yi mata ko mugunta ba.

Wadda ta fito da ita wata 'yar zangon Kumasi ce mai sarin gashin kanti, Rekiya. A wajen wani suna ta kalli idon Barira sau ɗaya ta gane, don ita ma ta bi ta nan. Rekiya ta taɓa zama da wasu Turawa da ke taruwa a kan irin wannan matsala, inda ake haɗa kowane sabo da wanda ya riga shi dainawa. Sunan da suke kiran abin bai zauna a bakinta ba, sai ta raɗa masa riƙon hannu. Sharaɗinsa biyu. Wanda aka riƙe zai kira kullum ya faɗi gaskiya, kome muninta. Wanda ya riƙe kuma, abin da ya ji ya mutu a cikinsa. A wannan gari sharaɗi na biyun ba na ado ba ne. A gida in asirinka ya tonu kunya za ka sha. A nan har da hukuma, da gwajin fitsari, da jirgin komawa wanda ba kai ka zaɓi ranarsa ba. Rekiya ta riƙe ta fiye da shekara, ta kuma ba ta shawarar ta fara girki don ɗakin ya daina yi mata shiru. Da annoba ta zo Rekiya ta koma Gana. Yanzu shekarar Barira tara ba ta kurɓa ba.

Saffana kuwa karatu ya kawo ta, kasuwa ta riƙe ta. Bakanuwa ce ita ma, shekararta ashirin da takwas, tana jin yaren ƙasar kamar a nan aka yanke mata cibi. Aikinta raka baƙi. Ta kwashi Hajiyoyi da sassafe zuwa Shahe su sari riguna, ta kai su Zhanxi wajen takalma, ta yi musu tafinta, ta yi ta sa-in-sa da lawban, wato mai shago, in ya canza kaya bayan an gama magana. Wanda bai taka waɗannan kasuwanni ba bai san tafiya ba. Ciwon baya ya sa ta fara tiramadol, ƙwaya ɗaya da safe don ta iya miƙewa. Zuwa ranar da ta faɗi a banɗakin Barira tana kakkafewa, ta daɗe da daina ƙirgawa.

Barira ce ta ja ta zuwa gado, ta rufe ƙofa, ta ce wa masu cin abinci iskokai ne, kuma ba wanda ya yi musu, don ba mai son ya leƙa. Da yarinyar ta farfaɗo ta zauna kusa da ita ta ba ta labarin kwalabe, labarin da uwar da ta haife ta ma ba ta sani ba. Saffana ta yi kuka har ta gaji, sannan ta ce, "Anti, ki rantse ba mai jin nawa."

Barira ta je ta yi alwala, ta ɗauko Alƙur'ani ta dafa. Rekiya ba ta taɓa neman rantsuwa ba, ba ta kuma taɓa yi ba, amma Barira mace ce da in za ta yi abu sai ta wuce gona da iri.

Wata bakwai suna tafiya a haka. An sha amai, an sha rawar sanyi, an sha kuka, har zagi Barira ta sha ta shanye. A wata na uku yarinyar ta zame sau ɗaya, ta faɗa da bakinta, suka sake farawa. Barira ta so ta so na gaske, irin wanda ke sa ka ɓoye wa mutum ƙashi mai ɓargo a ƙasan tukunya.

Ran wata Talata, bayan masu cin rana sun watse, Saffana ta shigo kicin ta ɗauki soso ta hau wanke-wanke ba wanda ya sa ta. Barira ta dube ta ta wutsiyar ido. Yarinyar da ko kofin da ta sha ruwa ba ta ɗaurayewa.

"Faɗi," in ji Barira. "Kin sha?"

"Ban sha ba, Anti. Wallahi ban sha ba."

"To mene ne?"

Saffana ta ci gaba da goge kwanon da ya riga ya fita. "Sati uku da suka wuce, ranar da bayan nan ya hana ni tsayuwa, na kira wani ɗan'uwanmu a Kano. Da ma shi yake turo min. A cikin daddawa yake cusawa ya mulmule, saboda wari ba mai son tsayawa a kanta. Washegari na yi nadama, na ce ya bari. Na ɗauka ya bari. Jiya ya turo min saƙo wai ya bayar."

"Ya ba wa?"

Famfo ya yi ta zuba. Saffana ta ce, "Hajiya Fasuma."

Barira ta lalubi bokitin da ke kife ta zauna a kai.

Hajiya Fasuma 'yar Maraɗi ce, ta ba sittin baya, ga ciwon suga ga gwiwa, amma sau biyu a shekara sai ta zo sarin takalma. A uwar ɗakan Barira take sauka. Ita ta fara kawo mata kuka tun kafin a san za a yi tuwon sayarwa, kuma tun daga ranar ba ta kiran ta da komai sai ɗiyata. In za ta taho takan biyo ta Kano ta kwana biyu a Fagge wajen dangi, nan masu sallahu suke yi mata layi, ba ta taɓa mayar da kowa ba. Aibinta ɗaya ne, baki. Abin da ta ji da safe a Zhanxi, kafin azahar an ji shi a kasuwar Maraɗi. Ba da mugunta take yi ba, haka Allah Ya yi ta. Jirginta jibi ne, Alhamis.

"Guda nawa?"

"Ɗari biyu."

"Saffana, kin san abin da ake yi wa wanda aka kama da wannan a filin jirgi? Tsohuwar nan ko wata ɗaya ba za ta yi a tsare ba, gawarta za a fito da ita."

"Sau huɗu yana wucewa, Anti."

"A jakar wa?"

"Mutane."

Barira ta tuna yadda ake zube sallahu a kan kafet ɗinta ana kiran suna, ta tuna ita da kanta ta sha miƙa wa yarinyar nan ƙullin daddawa tana tsokanarta wai 'yar boko ta fara koyon miya. Ta ji kamar ta ɗauke ta da mari.

"Ɗauki wayarki ki kira ta. Yanzu, a gabana."

"Anti, Hajiya Fasuma ce fa. In na gaya mata, kafin ta sauka kowa ya ji. Wa zai sake ba ni baƙi? Kuma maganar nan in ta zaga kasuwa sai ta kai kunnen da bai kamata ba. Kama ni za a yi. Babana hawan jini gare shi, yana can yana gaya wa mutane 'yarsa ta zama wani abu a Caina."

"Ita kuma fa? Ba ta da 'ya'ya?"

"Zai wuce, Anti, in sha Allahu. In ya iso ke za ki karɓa da hannunki ki zuba a masai, ni ko gani ba na so in yi."

Barira ta kalle ta cikin ido. Rabin yarinyar tsoro ne, tsoro na gaske. Ɗaya rabin kuwa jiran ƙullin yake yi, kuma mai shi ma ba ta sani ba. Barira ta san wannan kallo, ta yi shekara shida tana ganinsa a madubi.

"In ba za ki kira ba," ta ce, "ni zan kira."

Saffana ta ajiye soso. "Kin rantse, Anti. Kin dafa. Ke kaɗai na gaya wa a duniya, kuma ke kika ce in riƙa faɗar gaskiya kome muninta. Ga shi na faɗa."

Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar famfo a buɗe.

Laraba da rana, daidai lokacin da gari ya waye a Kano, Barira ta yi abin da ta ɗauka dabara ce. Ta kira Hajiya Fasuma.

"Ɗiyata! Ina kwana za ni ce ko ina wuni? Ku lokacinku a birkice yake. Na samo maki kuka sabuwa, kore shar, sai kin gani."

"Allah Ya saka, Hajiya. Wata magana na ji, na ce bari in gaya miki. An ce kwastan sun tsananta a kan kayan abinci, musamman daddawa. Ki bar duk wata daddawa a nan, wannan karon mun yafe."

Tsohuwa ta kwashe da dariya har da tari. "Duwan, kwastan ɗin naku? Ni za a ba labarin duwan? Shekara goma sha bakwai ina bin hanyar ga. Ƙulli goma sha ɗaya gare ni, huɗu daddawa. In bar ma mutane kayansu Kano, in zo in ce masu mi? Kwantar da hankalinki. Tunda kin hwaɗi, yanzu za ni kwashe ta in naɗe cikin zannuwana, can ƙasan jaka, in zazzaga turare. Ko kare ba ya jin ta."

"A'a Hajiya, ba haka nake nufi ba."

"Na gane, ɗiyata, na gode da kika tuna mini. Sai Juma'a. A ajiye mini kai da ƙafa."

Barira ta bi wayar da kallo. Kafin ta kira, tsohuwa ce ɗauke da ƙullin wani a saman jaka, da sunan mai shi a jiki, wadda in an tare ta za ta iya cewa ba ta san komai ba a yarda. Yanzu kuwa tsohuwa ce da ta naɗe ƙwaya a cikin zannuwanta ta zuba turare don kada a ji. Kuma Barira ce ta sa ta, da bakinta.

Ta nemi Rekiya, lambar ba ta shiga. Ta kira Saffana sau uku ba a ɗauka ba, sai ga rubutu: ina tare da baƙi. Ta yi tunanin zuwa wajen malamin da ke jan su salla ta tambayi hukuncin rantsuwa, sai ta ga ta riga ta san amsar. Kaffara ce, ciyar da mutum goma, ita da take ciyar da talatin kullum. Ba rantsuwar ce ta ɗaure ta ba. Abin da ya ɗaure ta shi ne ta san in ta tona, yarinyar nan ba za ta ƙara gaya wa wani ɗan Adam gaskiya ba har abada, kuma irinsu in suka daina faɗa, a banɗaki ake tsintar su, wannan karon ba mai ja zuwa gado. In kuma ta yi shiru, to ta zura ido tsohuwar da ke ce mata ɗiyata ta hau jirgi da abin da zai iya binne ta a ƙasar da ba ta jin ko gaisuwarsu.

Da Alhasan ya hawo cin abinci ta zauna gefensa, abin da ba ta saba ba.

"Baban Amira, in mutum ya ba ka amana, kuma riƙon amanar zai cuci wani, ya za ka yi?"

Ya gama taunawa tukuna. "Amanar wa?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"To ni ma ba zan iya amsawa ba," ya ce, ya kai loma.

Alhamis ta zo. Hajiya za ta bar Fagge ƙarfe goma na can, biyar na yamma ke nan a nan. Barira ta yi tuwo ya yi gudaji, ta zuba gishiri sau biyu, wani Alhaji ya yi ƙorafi ta ce in bai so ya sauka ƙasa ya ci taliyar 'yan gari. Ƙarfe uku falo ya watse. Ta tsaya jikin taga ta riƙe ƙarfen, tana kallon masu tura kaya a ƙasa kamar tururuwa. Haushi take ji, na yarinyar, na Rekiya da ta koya mata riƙon hannu ba ta gaya mata akwai rana irin wannan ba, na hannunta da ya yi saurin dafawa. Kuma a karo na farko cikin shekara tara maƙogwaronta ya tuna zaƙin maganin nan, ya tuna sosai. Wannan ya fi komai ba ta tsoro.

Ƙarfe huɗu saura kwata ta danna kira.

"Hajiya, kin fita?"

"Ina ɗaurin jaka, ɗiyata. Lahiya?"

"Ki tashi ki shiga inda ba kowa."

Ta ji jan silifas, ta ji an tura ƙofa. "To, ina jin ki."

"Daddawar da aka ba ki da sunan Saffana, kar ki taho da ita. Akwai ƙwaya a ciki. Ki fasa ki gani, ki zubar a masai."

Barira ta ji jan silifas an koma wajen jaka. Sai ta ji ƙarar leda, ta ji salati.

"Inna lillahi. Ga su hwa, jajaye. Saffana? Yarinyar ga mai kunya? Saffana ke shan wannan?"

Barira ta shirya maganarta tun safe, amma shirinta a nan ya ƙare. Ba ta yi tunanin abin da zai biyo baya ba. Sau biyu tsohuwa ta ambaci sunan, kuma a yadda ta ambace shi Barira ta ji ya riga ya kama hanya, ta ji shi a Fagge, ta ji shi a Zhanxi, ta ji shi a kunnen wani dattijo mai hawan jini.

"Ba nata ba ne," ta ce. "Nawa ne. Ni na sa aka turo da sunanta. Ba ta san komai ba."

"Ke? Haba Barira. Ke da ko goro ba ki ci?"

To, tunda ta fara sai ta ƙarasa, don tsohuwa ba za ta yarda a banza ba. Ta gaya mata ɓari na biyu, da ƙawar da ta miƙa kwalba, da shekara shida, da inda take ɓoyewa, da yadda takan tashi ba ta san ko ta yi azahar ba. Abin da ta yi shekara tara tana dannewa ta zazzage shi cikin minti biyar, a tsaye, a waya. Ƙarya ɗaya ce tak a ciki, sauran duk gaskiya ne, shi ya sa ƙaryar ta zauna daram.

"Shekara goma sha uku ina kwana ɗakinki," in ji Hajiya a hankali. "Jiya kika sa na naɗe ta cikin zannuwana. Da an kama ni hwa?"

"Shi ya sa na kira, Hajiya."

"To. Na ji, Barira."

Ta kashe.

Hajiya Fasuma ta sauka lafiya ranar Juma'a, ta wuce otal. Kai da ƙafar da aka ajiye mata Alhasan ya ci. Ranar Asabar uwar ɗaka mata uku ne kawai, su ma suna ci suna satar kallon hannun Barira ko yana rawa. Lahadi wata ta aiko a mayar mata da kular da ta bari. Ba wanda ya ce mata komai a fuska, mutanenmu ba sa haka, sai dai gaisuwa ta gajarce, kuma in ta shigo falo hira ta koma kan farashin jirgin ruwa. Da yamma Alhasan ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Amira ta kira ni. Tana tambaya wai me ake cewa a kan mamanta." Ya jira. Barira ta buɗe baki ta rufe, don duk hanyar da za ta bi ta wanke kanta ta kan Saffana take bi. Ya ɗan ƙara jira, sannan ya juya.

Kada wani ya ce Barira ta ji daɗin kanta, ko ta ɗauka ta yi jarumta. Ta san ta ceci tsohuwa, wannan kam ta gode wa Allah. Amma ta kuma san ta yi ƙarya, ta kuma ɗauke wa yarinyar kayan da ya kamata ita ta ɗauka, wanda wataƙila nauyinsa ne zai farkar da ita. Riƙon hannu aka ce ta yi, ita kuwa sai ta goya. Yanzu Saffana ta ga da idonta cewa in ta yi ɓarna akwai mai biya, kuma Barira ba ta san ko wannan zai sa ta ji kunya ta tsaya, ko zai sa ta sake kiran ɗan'uwanta ba. Kwana huɗu ba ta ji ɗuriyarta ba.

Litinin da azahar aka ƙwanƙwasa. Hajiya Fasuma ce, da leda a hannu, don kome ya faru sallahu sai an isar. A bayanta Saffana, wadda ke raka ta kasuwa tun saukarta. Tsohuwa ba ta cire takalmi ba, ba ta kuma tsallake bakin ƙofa ba.

"Ga kukarki," ta ce.

"Na gode, Hajiya. Ku shigo mana, tuwo da zafi."

"Mun ci." Ta juya ta kama hannun Saffana, ta yi magana ba tare da ta rage murya ba, duk da akwai mutane a falo. "Ɗiyata, da gangan na taho da ke, don in hwaɗi gabanta kar a ce gulma na yi. Ke yarinya ce, ba ki san duniya ba. Matar ga da sunanki ta yi aiki, ta kusa kai mu kaso ni da ke. Allah Shi shirye ta, ni na yahe. Amma ke ki bar zuwa gidan ga. Kin ji ni?"

Barira ta kalli Saffana. Ba ta son ta yi magana, don in ta yi, duk abin da aka zubar ya tafi a banza. Kuma tana son ta yi, tana so har cikin ranta, ko da kalma ɗaya ce, ko da a'a ce kawai. Yarinyar ta rame cikin 'yan kwanakin nan. Leɓenta ya motsa. Ta ɗago ta dubi Barira, ta dubi tsohuwa, sannan ta mayar da idonta kan takalminta.

"Na ji, Hajiya," ta ce.

Ta karɓi jakar tsohuwa ta rataya, ta riƙe mata gwiwar hannu, suka nufi lif a hankali saboda ƙafar. Barira ta tsaya da ledar kuka a hannu har ƙofar lif ta rufe. Sannan ta koma ciki, don akwai mutum biyu da ke jiran ƙarin miya.